Ciyawa da Gashin Jimina: Bikin Jajiberen Azumi a Garin Binche

 

Da aka ce in yi magana a kan yadda al'ada ke samo asali, na san da yawa za su zaci zan ɗauko Hawan Daushe ko Sallar Gani. Da gangan na tsallake su. Abin gida yana da wuyar dubawa, don kowa a ɗakin nan yana da nasa ra'ayin a kai, kuma kafin in kai rabin magana wani ya ji an taɓa kakansa. Shi ya sa zan ɗauke ku zuwa wani ɗan gari a ƙasar Beljiyam, inda babu kakan kowa a cikinmu, mu duba nasu hankali kwance.

Sunan garin Binche, ana furta shi kamar "Bensh". Yana lardin Hainaut, a yankin masu magana da Faransanci, tsakanin biranen Mons da Charleroi. In an haɗa shi da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, mutanensa sun ɗan haura 30,000. Tsohon gari ne mai ganuwar dutse wadda har yau tana tsaye, an san shi da saƙar leshi da ɗinkin tufafi, kuma ƙasar da ke kewaye da shi ƙasar haƙar kwal ce a da. Kwana 362 na shekara babu mai waiwayarsa. Sauran kwana ukun kuwa, Lahadi da Litinin da Talatar da ke gaban azumin Kirista, jiragen ƙasa cike suke zuwa, masu shaguna su rufe tagoginsu da ragar waya, dubun-dubatar baƙi su cika tituna. A 2003 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin fitattun al'adun ɗan Adam da ake gada baki da baki.

Sai mun fahimci azumin kafin mu fahimci bikin. Mabiya ɗarikar Katolika suna da kwana 40 na kamewa kafin Ista, waɗanda ke farawa ranar da suke kira Larabar Toka, ranar da limamin coci ke shafa wa masu ibada toka a goshi don tuna musu cewa ƙasa za su koma. A Turai ta da, dokar tana da tsanani: ba nama, a wurare da yawa ba ƙwai, ba man shanu, ba kitse. To mutumin da ke da sauran kitse a tukunya ran Talata, kuma ya san gobe ya haramta gare shi, me zai yi da shi? Sai ya cinye. Daga nan Faransawa suka sa wa ranar suna Talatar Kitse, kuma kalmar karnabal kanta, sunan da ake kiran irin wannan biki, a ra'ayin mafi yawan masana harshe, daga Latin ta fito da ma'anar ɗauke nama. Da yake ranar Ista da wata ake lissafa ta, Talatar Kitse ba ta zama wuri ɗaya. Tana yawo tsakanin 3 ga Fabrairu da 9 ga Maris, wato ƙarshen hunturu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sanyi ya ishi kowa. Ku riƙe wannan maganar ta lokaci, za mu dawo gare ta.

Wani zai ce ai tashe ne. Akwai kama, ba shakka: shigar burtu, ganga, raha, ba'a ga manya, kuma duka biyun suna maƙale da azumi. Amma namu a cikin watan ake yinsa, bayan an sha ruwa, nasu kuwa sallama ce ake yi wa jin daɗi kafin a shiga. Iyakar kamar ke nan, kada mu ja ta ta tsinke.

Gwarzon bikin Binche shi ne wani mai shiga da ake kira Gille, a furta "Jil". Wajen mutum dubu ne ke yin wannan shigar, daga yara ƙanana har tsofaffi masu furfura, kuma ran Talata kaɗai ake ganinsu. Tun wajen ƙarfe huɗu na asuba ake farawa. Wani gwani ya zo gida ya cusa wa Jil busasshiyar ciyawa cikin riga, gaba da baya, har ya yi doro da ƙusumbi. A ɗaura masa ɗamarar ƙararrawa a ƙugu, ya sa takalmin katako, ya ɗaure kansa da farar hula. Sai makaɗi ya iso ƙofa da ƙaramar ganga. Su biyun su nufi gidan Jil na gaba, su ɗauke shi, su wuce na gaba, a kowane gida a tarbe su da giyar shamfen, har ƙungiya ta haɗu gari na wayewa, a karya kumallo da kawa. Da hantsi kowa ya rufe fuska da wata fuskar aro ta kakin zuma, duk iri ɗaya, su yi ta buga takalmi a kan duwatsun titi har zuwa dandalin gari, inda magajin gari ke karɓarsu. Da la'asar su cire fuskar, su ɗora wata ƙatuwar hula ta gashin jimina, su riƙe kwandon lemo suna jifan jama'a da shi. Da dare a yi da'ira a dandali cikin hasken jar wuta, a harba tartsatsi sama.

Yanzu tambayar da ta tara mu: daga ina wannan ya fito?

In ka tambayi mai sayar da katin hoto a bakin tasha, ga labarin da zai ba ka, kuma labari ne mai daɗi. A ƙarni na 16 Binche tana hannun wata gimbiya, Maryamu ta Hungary, ƙanwar Sarki Charles na Biyar wanda ya haɗa mulkin Sifaniya da daular Jamus a hannunsa. Mijinta, sarkin Hungary, ya mutu a yaƙin Mohács a 1526, a karon da suka yi da rundunar Sultan Sulaiman na daular Usmaniyya, kuma ba ta sake aure ba. Yayanta ya ba ta riƙon waɗannan larduna. Ta gina fada a Binche, kuma a watan Agustan 1549 ta shirya gagarumin biki na kusan mako guda don tarbar yayanta da ɗansa Philip, wanda ake zagayawa da shi ana nuna wa jama'a magajin gado. An yi sukuwa, an yi wasan yaƙi, an ci an sha, har abin ya zama abin kwatance a bakin Sifaniyawa. Duk wannan gaskiya ne, yana rubuce. Sai labarin ya ɗora da cewa a wajen bikin wasu fadawa sun yi shigar mutanen Inka na ƙasar Peru, waɗanda Sifaniyawa suka ci da yaƙi shekaru kaɗan kafin nan, da gashin tsuntsu a ka. Mutanen gari suka gani, abin ya burge su, suka riƙa kwaikwayo kowace shekara. Hular jimina ita ce hular Inka, lemo shi ne zinariyar Peru, sunan Jil kuma wai daga sunan Sifaniyawa Gil.

Labarin bai da aibi ko ɗaya sai guda: ba a yi haka ba. Waɗanda suka halarci bikin 1549 sun rubuta abin da suka gani dalla-dalla, musamman wani marubucin fada mai suna Calvete de Estrella da ke cikin ayarin yarima, kuma babu Inka a ciki. Bikin kansa a Agusta aka yi shi, tsakiyar zafinsu, ba shi da haɗi da azumi. Fadar ma ba ta daɗe ba: a 1554 sojojin Sarki Henri na Biyu na Faransa suka ƙone ta, ramuwar gayya kan wata fadarsa da rundunar gimbiyar ta ƙona. Sannan littattafan kuɗin garin sun nuna ana shagalin jajiberen azumi a Binche tun ƙarshen ƙarni na 14, fiye da shekara 150 kafin gimbiya ta kira baƙinta. Shi kuwa labarin Inka, an bi sawunsa an gano inda ya tsiro: alƙalamin wani ɗan jarida ne mutumin birnin Tournai, Adolphe Delmée, a ƙarni na 19.

Mu kan ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya har da jikoki. Har gobe, idan aka kunna wutar ƙarshe a dandalin Binche ran Talata da dare, taken Sarki Charles na Biyar ne ke bayyana da haruffan wuta. Kuma ni ban ga laifinsu ba sosai. Garin maɗinka da masu gyaran takalmi, wanda manyan birane suka sha gabansa, aka zo aka ce masa rawar da kakanninsa ke yi a titi daga fadar sarkin sarakuna ta fito. Wa zai ƙi? Mu da muke da Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza mun san daɗin a ce asalinka daga nesa yake, kuma daga gidan sarauta. Kusan duk al'ummar da na karanta tarihinta, in ta tashi neman kaka, ba ta nemo manomi.

Wanda ya yi aikin warware wannan ƙulli shi ne Samuel Glotz, masanin al'adun gargajiya kuma ɗan garin, wanda ya kafa gidan tarihin karnabal da fuskokin aro da aka buɗe a Binche a 1975. Ku lura, ɗan gari ne ya rushe labarin da garinsa ke alfahari da shi, kuma bai rage masa son bikin ba. Hanyar da ya bi ita nake so ɗaliban da ke nan su ɗauka. Ya ajiye abin da ake faɗa a gefe, ya dubi abin da ke jikin mai rawa, ya tambayi kowane yanki shekarunsa.

Mu gwada, mu fara daga ƙasa. Takalmin katako, irin wanda tsofaffinmu ke kira dangarafai, takalmin talaka ne a wannan yanki na Turai, na manomi da lebura. Babu bafaden da zai shiga gaban sarki da shi. Ciyawar da ake cusawa a riga ita ce abin da ya rage a masussuka bayan girbi. Ƙararrawar ƙugu dangin wadda ake rataya wa dabba ce. Da safe kuma, kafin a ɗauki kwando, abin da Jil ke riƙewa a hannu ɗaurin tsinke ne da suke kira ramon, wanda a yarensu na Walun ma'anarsa tsintsiya. A da tsintsiya ce sosai mai mariƙi, aka yi ta rage ta har ta zama ɗan damin da ake kaɗawa ana bin kiɗa, ko a jefa wa aboki don gaisuwa ya dawo da ita. Takalmin katako, ciyawa, ƙararrawa, tsintsiya: wannan kayan ƙauye ne, kuma ana samun irinsa a bukukuwan ƙarshen hunturu daga tsaunukan Alps har ƙasashen Balkan, inda maza ke kumbura jiki, su rataya ƙararrawa, su yi ta dukan ƙasa da ƙafa. Glotz da masu ra'ayinsa sun fassara shi da cewa korar sanyi ake yi, ana tada ƙasa daga barci don shuka ta yi kyau.

A nan zan ɗan ja birki, ko da yake ina girmama mutumin. Cewa kayan na manoma ne, ido ya gani. Cewa saura ne na wani addinin da ya riga Kiristanci, wannan hasashe ne, babu takardar da ta haɗa su. Masanan ƙarni na 20 suna da nasu son zuciyar: kamar yadda ɗan jarida ya so sarki, su kuma sun so tsafin da ya fi kowane sarki tsufa. Abin da takarda ta tabbatar ya fi wannan ƙanƙanta. Karon farko da sunan Jil ya fito a rubuce a Binche shi ne 1795, lokacin da sojojin juyin juya halin Faransa ke riƙe da ƙasar, suka hana rufe fuska, aka samu mai shigar Jil ya fito duk da hanin. Wato farkon abin da tarihi ya sani game da shi, taurin kai ne. Sunan kuwa akwai inda ya fi kusa da Sifaniya: a wasannin kwaikwayo na kasuwannin Faransa a ƙarni na 17 da na 18 akwai wani wawa da ake kira Gilles, ɗan'uwan su Pierrot da Arlequin, wanda mai zane Watteau ya zana cikin fararen kaya, zanen yana gidan tarihi na Louvre. Kuma har yau a bikin Binche yara suna fitowa da shigar Pierrot da Arlequin a gefen 'yan Jil. Dangi ba su rabu ba.

Mu hau sama. Rigar an yi mata ado da zakoki da taurari da kambuna, baƙi da rawaya da ja. Waɗannan launukan tutar Beljiyam ne, kuma babu ƙasa mai suna Beljiyam kafin 1830. Fuskar aron tana da koren tabarau, da murɗaɗɗen gashin baki, da ɗan gemu, da saje, irin gayun zamanin Napoleon na Uku wanda ya yi sarautar Faransa daga 1852 zuwa 1870. Fuskar mai kuɗi ce, mai karatu, irin wanda ke zama a ofis. Ga wani abin dariya: mutum ya sa takalmin lebura a ƙafa, fuskar attajiri a ka, kuma da yake fuskar iri ɗaya ce ga kowa, da safiyar Talata ba ka bambanta likita da mai gyaran famfo.

Sai hula. A farkon lamari 'yar ƙarama ce da gashin tsuntsu kaɗan. Da kuɗi ya shigo garin a ƙarni na 19, kwal na fita, masana'antun ɗinki na aiki, jirgin ƙasa ya fara kawo 'yan kallo, sai hula ta yi ta tsawo. Ta yau tana cin gashin jimina ɗaruruwa, nauyinta wajen kilo 3, kuma in ana ruwa ko iska ba a fito da ita don tsadarta. Jimina ba ta rayuwa a Beljiyam. Wannan shi ne zamanin da Turai ta haukace da son gashinta, har fataken da ke ratsa Sahara daga Kano zuwa Tarabulus suna ɗauke da shi cikin manyan hajojinsu tare da hauren giwa da fata, kafin gonakin jimina na Afirka ta Kudu su mamaye kasuwar. Mu da muka san takalmin gashin jimina a ƙafar Sarkin Kano ba ma buƙatar a yi mana bayanin abin da wannan gashi ke faɗa. Lemo ma haka: a ƙasar sanyi ɗan itacen masu hali ne, daga kudu ake kawo shi, kuma ana cewa kafinsa burodi da tuffa da irin abin da gona ke bayarwa ake rabawa. Wanda ya jefa lemo kwando-kwando yana nuna ya isa.

Kun ga ke nan, abubuwa biyun da labarin Inka ya kafa hujja da su, hula da lemo, su ne mafi ƙuruciya a jikin Jil. Shigar ba rana ɗaya aka ɗinka ta ba. Kowane zamani ya zo ya ɗora nasa a kan na baya, manomi a ƙasa, ɗan wasan kasuwa a suna, ɗan kishin ƙasa a riga, attajiri a ka.

Saura abin da ni ya fi ba ni sha'awa, wato dokokin. Karnabal a yawancin wurare lokacin sakin linzami ne. A Binche, Jil ya fi soja takura. Dole ya zama namiji, ɗan ƙasa, kuma ɗan gari ta haihuwa ko ta daɗewar zama. Ba ya taka ko'ina sai da makaɗi a bayansa. Ba ya zama a bainar jama'a, ba a yarda a gan shi a buge ba, duk da shamfen ɗin asuba. Kiɗan ma ƙidayayye ne, sautuka 26 da kowane ɗan gari ya sani tun yana goye. Kayan ba nasa ba ne. Haya yake ɗauka daga wasu 'yan gidaje da suka gaji sana'ar ɗinka su da gyaran gashin hula. In ya jefe ka da lemo, kyauta ce da fatan alheri, kuma babban rashin ladabi ne ka rama. Mafi girma duka, Jil na Binche ba ya fita da shigarsa wajen gari, kowa ya gayyace shi, nawa aka biya. Garuruwan maƙwabta irin su La Louvière da Nivelles suna da nasu 'yan Jil, wasunsu suna zuwa wasa har ƙasashen waje, kuma mutanen Binche suna kallonsu yadda mai gidan gado ke kallon wanda ya sayi rawani a kasuwa. Tun 1976 akwai ƙungiyar da aikinta shi ne tsare waɗannan ƙa'idoji.

Ku kwatanta da namu 'yan wasan gargajiya da ake kwasa a mota a kai su filin jirgin sama su yi wa baƙo rawa minti goma. Ban ce komai ba, tambaya kawai na ajiye.

Kwana ukun ma ƙarshen doguwar hanya ne. Makonni shida kafin nan, kowace Lahadi ƙungiyoyi na fitowa gwaji, da farko ganga kaɗai, daga baya da ƙaho da sarewar ƙarfe, sanye da takalmin katako da ƙararrawa amma ba riga. Akwai wani daren Litinin da mutane ke rufe jiki ruf, su sauya murya, su shiga mashaya suna tsokanar wanda bai rufe fuska ba har sai ya gane su ko ya saya musu abin sha. Ran Lahadin biki, waɗanda za su zama Jil jibi suna fitowa da shigar da suka ɓoye wata da watanni suna ɗinkawa, da yawa cikin kayan mata. Litinin ta yara da samari ce. Iyali kuwa shekara suke yi suna tara kuɗi a asusun ƙungiya, kamar adashi.

Za a tambaye ni game da mata, gara in riga ku. Mace ba ta zama Jil, kuma ana muhawara a kan haka a Beljiyam. 'Yan mata suna shiga cikin ƙungiyoyin yara na Pierrot da Arlequin. Amma wanda ya ga gidan Jil da ƙarfe uku na dare ya san a hannun wa bikin yake. Matarsa ko uwarsa ita ta goge farar kwala, ita ta tanadi abincin baƙi, ita ke ɗaure masa hula, ita ke biye da shi duk yini tana riƙe da fuskar aro in ya cire, ita ta koya wa ɗansa takun rawar a tsakar ɗaki. Wasu matan garin suna cewa wannan matsayi ya ishe su, wasu suna cewa aiki nasu, tafi na wani. Ba ni zan raba musu gardama daga nan ba.

Yaƙin duniya na ɗaya da na biyu sun tsayar da bikin, annobar korona ma ta tsayar da shi a 2021, kowane karo kuma ya dawo. Ran Talata da dare, bayan an gama wasan wuta, ganguna ba sa yin shiru. 'Yan Jil suna ci gaba da zagaya unguwanni cikin sanyi, ba hula. Sharaɗi ɗaya ne: kafin gari ya waye kowa ya shige gida, don Larabar Toka ba ta ganin Jil a titi. A wasu garuruwan maƙwabta ana tara ciyawar a cinna mata wuta a dandali, a Binche ba a yin haka. Da safe a zazzage rigar, a mayar wa mai haya kayansa, ma'aikatan shara su bi titi suna kwashe ɓawon lemo, masu shaguna su kwance ragar tagoginsu. Abincin ranar kifi ne.